Yarjejeniya a manyan birane, ɓarayi a Gidan Rumji

Tarayyar ƙasashe takan tsara tsaronta ne bisa abin da ya tsorata shugabanninta. An kafa CEDEAO a Legas a 1975 don kasuwanci. A 1978 ƙasashen suka yi alkawarin ba mai kai wa wani hari, a 1981 suka ƙara da na kai wa juna ɗauki. Duk a takarda suka tsaya, har yaƙin Laberiya ya sa aka tura rundunar ECOMOG a 1990, Nijeriya na ɗauke da mafi yawan soja da kuɗi. Dokar da ta tsara wannan aiki sai a 1999 aka sa mata hannu a Lome.

Babu ɗaya cikin waɗannan takardu da ta hango abin da ya faɗa wa jihar Maraɗi. A 2019 ƴan bindiga suka koro dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji, ɓarayin kuma suka biyo sawunsu, suna kore shanu, suna kama mutane don kuɗin fansa. Gwamnonin jihohin uku ne suka zo Maraɗi a watan Satumba na shekarar, suka zauna da gwamna Zakari Umaru kan tsaron iyaka. Maƙwabta ne suka taru, ba rundunar tarayya ba.

Ranar da CEDEAO ta yi maganar tura soja Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kujerar Yamai ce damuwarta. Aka rufe iyaka, abin ya ƙare a kan ɗan kasuwar Gazawa da na Age masu cin kasuwannin Katsina.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa AES a Satumba 2023, suka fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, suka kuma sanar da rundunar haɗin gwiwa mai soja 5,000. Sai dai yarjejeniyar sunan Liptako-Gurma take ɗauke da shi, can yamma, inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. Maharan Gidan Rumji kuwa ta kudu suke shigowa, daga dazukan Nijeriya, wadda ba ta cikin AES. Kome kyan tsarin sabuwar rundunar, sojan da ya bi sawun shanun sata har bakin iyaka ba zai ƙetara ba sai da yardar Abuja.