Wai Sa'a Ce Ta Ci wa Keshi Kofi?

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce sa'a ce kawai ta bai wa marigayi Stephen Keshi, kocin Najeriya a lokacin, kofin Afirka na 2013. Haba Malam! Wace irin sa'a ce take bin mutum ɗaya daga Lome har Johannesburg? Shi ya samo wa Togo gurbin gasar kofin duniya ta 2006, wurin da ba ta taɓa leƙawa ba, aka sallame shi kafin a tafi Jamus.

A 2013 kuwa, caa aka yi masa don ya ɗebo 'yan wasan gida. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya zura ƙwallon da ta kora Kwaddebuwa gida, da Drogbanta da Yaya Tourenta, ci 2-1. Shi ya sake zura wa Burkina Faso a wasan ƙarshe. Sa'ar ce ta gayyato Mba sansani?

Taurin kai dai Keshi yana da shi, ban musa ba. Amma shi ne kyaftin lokacin da aka ci kofin a Tunisiya a 1994, kuma in ka cire Mahmoud El-Gohary na Masar, faɗa mana wanda ya ɗaga kofin nan yana ɗan wasa, ya sake ɗagawa yana koci.