Hoton Biki: Na Mai Ɗauka Ne Ko Na Mai Biya?

Duk ran 1 ga watan Janairu garin Kagoro yakan cika maƙil saboda bikin Afan, masu ɗaukar hoto na Kafanchan kuwa da su ake farawa. Kafin la'asar hotunan maharba da masu rawa sun bazu a Facebook. Ba a daɗewa sai a ga hoton nan a takardar talla ko fostar ɗan siyasa, an yanke sunan wanda ya sha rana ya ɗauka.

Wannan cin haƙƙi ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ta bar wa mai ɗauka hotonsa har shekara 50 daga fitowarsa. Sa hoto a Facebook bai mai da shi kayan tsintuwa ba. Mai shi yana iya rubuta wa kamfanin a sauke shi, ko ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya.

To, amma su ma masu hoton suna da nasu laifin, kuma nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun. Mutum zai shekara yana tari a Agege, ya aika gida Zonkwa ko Kwoi don auren ƙanwarsa, har da kuɗin mai hoto. Tun bai ga hotunan ba sai ya tarar da fuskar amarya a shafin mai hoton ana tallar sana'a da ita, wanda ya san ta da wanda bai san ta ba kowa yana tofa albarkacin bakinsa. A zamanin fim iyakar abin a manna hoton a allon ƙofar shago, 'yan unguwa su gani. Yanzu duniya ce ke kallo.

Dokar ta hango wannan. Wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa yana da ikon hana a baza shi, sai fa in an yi wata yarjejeniya dabam. Shi kuma yana iya wankewa ya raba wa dangi, amma ba ya yi ciniki da shi ba.

Saboda haka mai aika kuɗin biki ya sa a rubuta a jikin rasit ko an yarda a sa hotunan a intanet, tun kafin a biya kafin alƙalami.