Yaushe A Ke Yi Wa Tsohon Inji Juye?

Wata takarda ta zo mini daga wani malamin makaranta a ƙasar Yawuri. Ya ce ƙanensa ya sayi tsohon jirgin ruwa mai injin gas, watau dizal, yana ɗaukar mutane da kaya ranar kasuwa, ga shi kuwa gardama ta tashi tsakaninsu a kan baƙin mai. Ƙanen ya ce muddin mai yana da yauƙi a yatsa, zubad da shi ɓarna ce, sai dai a riƙa ƙari. Shi kuwa malam ya ce da zarar mai ya yi baƙi ƙirin ya mutu, a juye shi ko da jiya aka zuba. Ya roƙe ni in raba su. To, malam, ka yi haƙuri, ba zan ba ka gaskiya ba, ba kuwa zan ba ƙanenka ba.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mutumin birnin Zariya da jirgin ruwa, alhali Kubanni da rani ko kwalekwale ba ta ɗauka? Akwai abin da ya haɗa mu. Ƙarafan hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Zariya ta isa Kano cikin 1911, ta ruwa aka hau da su Kwara har Baro. Ko da ya ke jiragen wancan zamani masu tururi ne, ba a daɗe ba injin gas ya shiga ruwa. Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayad da injinsa sosai cikin 1897, cikin 1912 kuwa wani babban jirgin ƙasar Danmak mai suna Selandia ya fara keta teku da irinsa. Ban da wannan, injin da ke tura ƙaramin jirgi ɗan'uwan wanda ke niƙa mana dawa ne a lungunan birni, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Duk wanda ya tashi a nan ya san ƙugin Lister. Kamfanin da ke garin Dursley a Ingila ya fara fitad da irin wannan inji tun 1929, bai daina ba sai 1987, maƙeran Rajkot a Indiya kuma suka ci gaba da ƙera kwatankwacinsa. Ciwon da ke kashe na tudu shi ke kashe na ruwa. Bambancin kaɗai, in na niƙa ya buga, mata su kwashi kwanukansu su tafi wata unguwa. In na jirgi ya buga a tsakiyar Kwara da damina, da mutane cike, babu wata unguwa.

Mu fara da baƙi, tun da shi ne hujjar malam. Injin gas yana haifad da kunkunniya, wani abu nata kuwa ya kan zurara ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. Man zamani an sa masa wani haɗi wanda ke riƙe wannan kunkunniya kada ta kwanta ta zama laka a cikin inji. Saboda haka a tsohon inji sabon mai ya kan yi baƙi cikin 'yan awoyi kaɗan, wannan kuwa alama ce yana aikinsa. Wanda zai bi launi, kowane mako sai ya yi juye, ya ƙare kuɗinsa a banza.

Hujjar ƙanen ta fi haɗari. Man gas yana da farar wuta a cikinsa. In ta ƙone ta gamu da laima, sai ta zama ruwa mai ci, ɗan'uwan ruwan batir, wanda ke cin ƙarfe sannu a hankali. A cikin sabon mai akwai maganin da ke kashe kaifin wannan ruwa, amma maganin ƙarewa ya ke, yatsa kuwa ba ya jin ƙarewarsa. Mai zai iya zama da yauƙinsa alhali ya zama guba ga metal ɗin inji. Wannan magana ta fi shafarmu bisa ga Turawa. Tun 2009 dokar ƙasashen Turai ba ta yarda farar wuta ta wuce kashi 10 cikin miliyan a gas ɗin mota ba, mu kuwa an daɗe ana yarda da har kashi 3,000. Cikin 2020 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince a sauko zuwa 50. Amma mai jirgi da ke sayen gas a jarka a bakin kogi, wa zai gaya masa abin da ke ciki? Ƙarin sabon mai a kan tsoho yana ɗan taimako, ba na musu, sai dai dattin da ke ciki yana nan inda ya ke. Wanda ya ƙara ruwa mai kyau a tulu mai laka bai wanke tulu ba.

Abin da a ke bi shi ne awa. Mota tana da agogon tafiya, direba ya duba ya ga mil nawa ya ci. Jirgi ba shi da wannan, haka injin niƙa, haka na ban ruwa. Kuma mota ta kan sami gangara ta huta, amma injin jirgi tun da ya bar gaɓa kamar mai hawan tudu ne har ya kai. Littattafan da maƙera ke haɗawa da ƙananan injunan jirgi yawancinsu sun tsaya tsakanin awa 100 da awa 250, ko kuwa shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. In mutum yana da littafin injinsa, ya bi shi. In ya ɓace, kamar yadda ya kan ɓace tun a hannun mai shi na fari, shawarata tsohon inji a ja shi kusa da 100, kada a kai shi 250. Dalili kuwa, ringin da ya tsufa ya fi barin hayaƙi ya sauka cikin mai.

Ga ɗan lissafi domin malamai su ba 'yan makaranta. Lister mai ƙarfin doki 6 yana juyi 650 a minti guda, watau 39,000 a awa. Cikin awa 250 ya yi juyi 9,750,000, duk a kan 'yar fatar mai wadda ba ta kai kaurin takardar nan da ka ke karantawa ba. Mai niƙa da ke aiki awa 6 kowace rana zai cika awa 250 cikin kwana 42, mako shida ke nan. Amma jirgin da ke zuwa kasuwa sau ɗaya a mako, awa 3 zuwa da dawowa, awa 156 kaɗai zai yi a shekara. Kada mai wannan jirgi ya ce tun da bai cika lissafi ba sai baɗi. Injin da ke yawan zama, a tashe shi kaɗan a kashe bai yi zafi sosai ba, raɓa ta kan taru a cikinsa, ga shi kuma kwance cikin laimar kogi. Don irinsa aka sa sharaɗin shekara.

Lokacin juyen shekara ma akwai magana. Mutane da yawa su kan bari sai za su fara aiki su yi juye. Gara a yi shi ranar da za a ajiye inji. Mai ban ruwa a fadamar Galma in damina ta faɗi ya rufe injinsa wata huɗu ko biyar, jiragen kaya na Binuwai kuma dā ma ba su kan kai Garwa ba sai cikin 'yan watannin da ruwa ya cika. Duk tsawon zaman nan, in tsohon mai ne a ciki, ruwan nan mai ci yana kwance a kan metal yana aikinsa. A juye, a zuba sabo, a tashi inji minti kaɗan mai ya zagaya, sa'an nan a rufe.

Mu nan arewa muna da wani abokin gaba wanda littafin Bature bai cika lissafawa ba, watau ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska cike ta ke da ita, ɗakin niƙa kuwa ga ƙurar gari a kai. Abin da ya tsere wa matatar iska ya shiga inji, shi da mai su kan zama kamar dutsen wasa wuƙa. A wannan lokaci ni na kan ce a rage kashi ɗaya cikin uku na awoyin, a kuma riƙa wanke matatar iska.

Sai dai akwai ranar da ba a jiran lissafi. In ka zaro geji ka ga mai ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A jirgi ya kan bi ta gasket ɗin kan inji, ko ta wurin sanyaya mai, ko ya komo ta salansa. Kada a tashi injin nan da fasinja. A nemo ƙofar ruwan a toshe, a juye, in an ɗan yi aiki a sake juyewa. In kuwa ka ga mai yana ƙaruwa a geji alhali ba ka ƙara ba, ya tsinke, yana warin gas, to, kada ka yi murna ka sami mai kyauta. Gas ne ke zuba ciki, daga nozul mai ɗiga ko famfon gas da ya huje. Wannan ya fi muni, gama in mai ya yi yawa ya tsinke, injin gas ya kan fara shan mansa da kansa, ya ruga da gudu, ko an rufe gas ba ya tsayawa sai an toshe masa hanyar iska. Haka kuma in ka murza mai ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ƙyalli kamar garin tagulla, wannan ya wuce maganar juye, sai bakanike.

Manyan jirage su kan aika da ɗan mai a kwalba a auna musu. Talaka ba shi da wannan, amma akwai gwajin da tsofaffin akawuna za su ji daɗinsa, domin da takardar shanye tawada a ke yi, in babu ita farin kati mai kauri ya isa. A ɗiga ɗigo ɗaya na mai mai ɗumi, a ajiye takardar a kwance har kwana guda. In tabon ya bazu launin toka bai ɗaya, mai yana riƙe da dattinsa. In baƙin ya dunƙule a tsakiya da kaifin baki, ya kasa bazuwa, ƙarfin mai ya ƙare. In wani zobe mai haske ya yi nisa ya kewaye tabon, a tuhumi gas. Ɗigo ɗaya ba ya faɗin magana duka. Amfaninsa sai an yi shi kowane mako a jere a takarda guda, da kwanan wata a ƙarƙashi, ido ya ga yadda ya ke sakewa.

A nan ne aikinku ya ke, ku masu karatu. Yawancin masu waɗannan injuna ba su da agogon awa, ranar juye kuwa a ka su ke riƙe ta, kai kuwa ya kan manta, musamman in kuɗi sun yi wuya. Malamin Yawuri, maimakon gardama, saya wa ƙanenka littafin rubutu na 'yan makaranta, ka ja masa layi uku: rana, awoyin da inji ya yi, man da aka ƙara. Layi na uku kada a raina shi, domin injin da bara ya ke shan kwalba guda a wata, bana ya koma biyu, ya fara ba da labarin ringinsa ke nan.

In ranar ta zo, a juye mai yana da zafi, domin ya fito da dattinsa, a sake filta tare da shi. Jirgi ba a cika samun wurin sa kwano a ƙarƙashin inji ba, sai a zuƙe da famfon hannu, a yi haƙuri har ya ƙare tas. Tsohon Lister ba shi da filta irin ta injunan yanzu, wani ɗan cokali ne a gindin sandar fistin ke fantsama mai, laka kuwa ta kwanta a ƙasa. Shi sai an buɗe ƙofar cikinsa an goge da tsumma mai tsabta, ba da auduga ba, don zarenta na toshe hanyar mai. Wajen saye a duba gwangwani ko galan a rufe ya ke da hatiminsa, gama akwai masu tace tsohon mai su sayar a kwalba, araha kuwa ba ta ado. Mai kauri irin SAE 40 ya kan dace da zafinmu, a kuma duba harufan da ke bin API a jikin galan: masu farawa da C na injin gas ne, masu farawa da S na fetur.

Tsohon man da aka juye kada a zuba shi cikin kogi ko kwata, kifi da masu ɗiban ruwa a ƙasa su ke sha. A tara shi a jarka mai murfi a kai wa masu buga bulo, su kan shafa shi a jikin katakon da su ke jera bulo a kai.