Wake ba ya ɓata cili, rashin barkono ne ke ɓata shi

Da zarar sanyi ya kankama a birnin New York, daga Nuwamba har zuwa Maris, akwai wata tukunya da ke yawan hawa wuta a gidajen mutane. Sunan abincin cili. Ga wanda bai taɓa cin sa ba, romon nama ne mai kauri, ja wur, wanda ake dafawa a hankali da busasshen barkono har naman ya yi luguf. Cikakken sunansa daga Sifaniyanci yake, ma'anarsa barkono da nama. Fiye da shekara hamsin ke nan Amurkawa suna ja-in-ja a kan tambaya guda: in an zuba wake a ciki, har yanzu cili ne? Mutanen jihar Texas, masu iƙirarin abincin nasu ne, sun ce sam. Ni ina ganin sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu ya shafe mu, domin Hausawan Najeriya da Nijar da na zangunan Gana da ke zaune a yankunan Bronx da Harlem na New York suna irin wannan gardama a kan tsire da yaji.

New York tana da hannu a rikicin tun farkonsa. A 1967 wani marubuci mai suna H. Allen Smith, tsohon ɗan jarida a birnin da ke zaune a Mount Kisco, arewa da shi, ya buga maƙala a mujallar Holiday yana bugun ƙirji cewa babu wanda ya fi shi sanin cili, ga shi kuma yana cikin masu zuba wake. Abin ya fusata mutanen Texas. A watan Oktoba na wannan shekara aka haɗa shi gasar girki da wani ɗan Texas mai suna Wick Fowler a Terlingua, wani tsohon garin haƙar ma'adinai da ya zama kufai, aka tashi canjaras. Daga nan gasar ta zama ta shekara-shekara, ƙungiyoyin da ke shirya ta suka rubuta doka cewa jan cili na gargajiya ba a sa masa wake ko taliya. A 1977 majalisar dokokin Texas ta ayyana cili a matsayin abincin jihar. A lura da shekarun nan da kyau. Dokar hana wake ta masu gasa ce, kuma ta zo ne bayan abincin ya daɗe a duniya.

Su wa suka fara yin suna da shi? Talakawan birnin San Antonio na Texas ne, musamman mata 'yan asalin Meziko da ke kafa tebur a dandalin gari da dare tun ƙarshen ƙarni na 19, suna sayar wa leburori da matafiya, har hukumomin lafiya suka tashe su a wajajen 1930 zuwa 1940. Wake yana cikin abin da suke sayarwa a kan teburan nan, ko da a gefen kwano ne. Ba abin mamaki ba ne, domin mai neman ƙosar da ciki da kuɗi kaɗan ya san wake ne ke miƙa nama ya ishi kowa. Su kansu kayan da Texas ke kira na asali baƙi ne da suka haɗu a tukunya ɗaya. Barkono ɗan ƙasa ne a nahiyar, amma shanu Sifaniyawa ne suka kawo su, ƙwayar kumin da ke ba cili ƙamshinsa ita ma daga ƙetaren teku ta zo, garin cilin da ake sayarwa a kwalba kuwa wani Bajamushe ne mai suna William Gebhardt ya yaɗa shi daga shekarun 1890. To a wace shekara za a ja layi a ce daga nan an rufe ƙofa?

Tambayar ta fi ƙarfi idan muka juyo da ita kanmu. Babu Bahaushen da zai yarda a ba shi tsire babu ƙuli-ƙuli da barkono, kuma yana da gaskiya. Amma gyaɗa daga Kudancin Amurka ta fito, barkono da tumatir su ma daga nahiyar Amurka, kuma ba su iso Afirka ta Yamma ba sai bayan 1492, ta hannun jiragen Fotugal da Sifaniya. Kafin nan kakanninmu da citta da masoro da kimba suke yaji. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Ko sunan ma ya sauya a hanya: abin da Legas da New York ke kira suya, a Kano da Maraɗi tsire ne, suya kuwa a Hausa aikin mai ne da kasko. Ba mu ce an ci amanarmu ba, mun karɓi sunan muna ciniki da shi. Wanda abincinsa ya yi irin wannan tafiya bai kamata ya riƙa cewa jerin kayan haɗi da ya tarar a gidansu shi kaɗai ne gaskiya ba.

Nan ne masu adawa za su ce: ke nan kowa ya dafa abin da ya ga dama ya laƙaba masa sunan da ya so? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma ban yarda a yi watsi da shi ba. Suna alkawari ne tsakanin mai dafawa da mai ci. Kama da wane ba ta wane. A Cincinnati, 'yan ci-rani daga Masedoniya, 'yan gidan Kiradjieff, sun fara sayar da wani romon niƙaƙƙen nama mai kirfa a 1922, ana zuba shi a kan taliya a barbaɗa cuku, suka kira shi cili. Mutanen garin suna son abinsu, kuma babu laifi, amma Ba'amurken Texas da ya ce wannan wani abu ne daban bai yi ƙarya ba, domin barkono ba shi ne jigon tukunyar ba. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a duba abin da in aka cire shi abincin ya tashi daga kamanninsa. A cili wannan abu barkono ne: busasshe, a gasa shi kaɗan, a jiƙa, a niƙa, a bar shi ya nuna tare da nama na sa'o'i har ya zama shi ne romon. Wake ƙari ne a kan wannan, bai rage masa komai ba. Wanda ya juye gwangwanin tumatir a kan niƙaƙƙen nama ya yayyafa ɗan cokalin gari ya sauke cikin minti ashirin, shi ne bai yi cili ba, ko da bai sa ƙwayar wake ɗaya ba.

Wannan ma'auni yana warware wa Musulmi wata matsala ta zahiri. Girke-girken cili da yawa a Amurka suna sa giya ko naman alade. Uwargidan da ke Bronx ta sayi naman shanu a mahautar halal, ta maye giyar da romon ƙashi, ba ta taɓa jigon abincin ba, kuma ba wanda ke da hujjar ce mata nata jabu ne. Tana ma da abin da magidanta da yawa a wasu jihohi ba su da shi. 'Yan Meziko da ke New York galibinsu daga jihar Puebla suke, kuma shagunansu a Sunset Park da Corona da Gabashin Harlem cike suke da busasshen barkono iri-iri, irin su ancho mai ɗan zaƙi da guajillo mai launi, waɗanda aikinsu a tukunya ya yi kusa da na busasshen tattasai. In ta so zafi ta ƙara attarugu. In ta zuba farin wake irin namu, wanda Najeriya da Nijar ke kan gaba a duniya wajen nomansa, ta zuba abin da bayi daga Afirka ta Yamma suka shigar da shi girkin kudancin Amurka tun ƙarnoni da suka wuce.

Ma'aunin kuma yana ɗaure mu kamar yadda ya sake mu. Gidajen abinci a Brooklyn da sauran unguwanni suna sayar da suya a kwano da shinkafa da ganye, wasu da kaza ko kifi, kuma ban ga dalilin tayar da jijiyar wuya a kan haka ba muddin yajin yana nan da ƙuli-ƙulinsa kuma naman ya ga wuta. Inda zan ja layi shi ne idan an cire gyaɗar. Gaskiya ne a Amurka akwai mutane da yawa da gyaɗa ke yi wa mummunar illa, har takan kai ga asarar rai, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa wa mai saye abin da ke cikin yajinsa. Amma maganin wannan ba shi ne a cire ƙuli-ƙuli a bar sunan ba. Hausa ba ta rasa suna ba: muna da balangu, muna da gasasshen nama, muna da dambun nama, kowanne da yadda ake yin sa.

Saboda haka kirana ga masu sana'ar nama da matan da ke haɗa yaji suna kaiwa shagunan kayan Afirka a Bronx da kan titi na 116 a Harlem shi ne su rubuta kayan haɗinsu a jikin leda, su sa gyaɗa a sahun farko, su kuma ajiye sunan tsire da suya ga naman da aka shafa wa ƙuli-ƙuli kaɗai.