Bayan Sujadar Godiya, Wa Ke Sake Leƙa Su?



Ikilisiyoyinmu na Ketare da sauran ƙasar Kankara, da Faskari da Sabuwa, sun iya tsayawa da ɗan'uwa sa'ad da 'yan bindiga suka ɗauke shi. Akan yi azumi, a kwana addu'a, wani ya sayar da buhun masara, wata ta sayar da akuya don a haɗa kuɗin fansa. Idan Allah ya dawo da shi, sai a yi sujadar godiya, Zumuntar Mata ta yi waƙa, ya ba da shaida, kowa ya koma gida. A ganina a nan muke barin aikin, alhali a nan ya fara.

Duniya ta ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Kankara ranar 11 ga Disamba 2020, aka sako su bayan kwana shida. Na ƙauyukanmu kuwa ba a rubuta sunayensu a jarida ba, wasu kuma sun yi watanni a daji. Mutum ya dawo ba ya barci, ƙarar babur ta sa shi rawar jiki, ya yi ta faɗa da iyalinsa ba dalili, ga bashi, ga gona ta zama saura. Idan ya daina zuwa sujada, sai mu ce ya yi sanyi a ruhaniya. Wasu ma har su ce masa da yana da bangaskiya da tuni ya manta.

Mu buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya, wanda Allah ya amsa masa da wuta a Dutsen Karmel, ya gudu jeji saboda barazanar Yezebel, har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsawata masa a wurin ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka tambaye shi abin da ke damunsa, aka bar shi ya faɗi ƙorafinsa har sau biyu, sa'an nan aka ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Mu kuwa mako ɗaya muke ba mutum.

Abin da ya fi nauyi shi ne batun mata. Mun san abin da ke faruwa da wasunsu a daji, ko da ba a faɗa a bagadi. Wadda aka yi wa fin ƙarfi ba ta yi zunubi ba. Bai kamata a sa ta ƙarƙashin horo ba, ko a hana ta jibin Ubangiji, ko a tilasta mata ba da shaida gaban jama'a. Dattawa, idan mijinta yana neman ya juya mata baya, ku zauna da shi, ba sau ɗaya ba, domin shi ma yana ɗauke da rauni. Masu tsegumi a bakin rijiya kuma, mu ne, ba baƙi ba.

Game da magani: Yakubu sura 5 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a, ba ta ce kada a kai shi asibiti ba. Mu tuna cewa a ƙarshen shekarun 1930 aikin SIM a ƙasar Katsina ya kafu ne ta asibitin kutare na Babbar Ruga, inda addu'a da allura suka tafi tare. Wanda ya dawo a kai shi babban asibitin Kankara ko Funtuwa a duba shi, mace kuma da wuri. Idan firgita ta ƙi barinsa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Shawarata ga kowace majalisar dattawa ita ce a naɗa mutum biyu masu riƙe sirri ga kowane wanda ya dawo, mace ga mace, su riƙa ziyartarsa kowane mako har shekara, su fi sauraro a kan wa'azi. Matasa su yi masa gayya a gonarsa. A kuma ware baiko na Lahadi ɗaya a wata uku don rage bashin fansa da kuɗin magani, ma'aji ya riƙa karanta lissafinsa a taron ikilisiya ba tare da kiran sunan kowa ba.