Kafin Ka Kama Ɗaki a Rigachikun

Shekarata ta biyu ke nan ina haya a Rigachikun, don haka sababbin shiga ku saurara. Ɗaki dai akwai araha, ga shiru, ga maƙwabta masu aiko maka da tuwo. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, rarar da ka samu wajen mai gida direbobi za ka miƙa wa: mota zuwa Kawo, wata zuwa Tudun Wada, kullum. Laccar ƙarfe takwas kuwa, sau nawa ina tarar da malam ya rufe ƙofa! Wallahi da zan sake, gara mu haɗa kuɗi mu uku mu matsu kusa da makaranta. In kana da babur, to, wannan kama abinka.