Yaro Ba Ya Jin Kunyar Roƙon Ubansa

'Yan'uwa manoma, a cikin Matiyu sura 18 almajirai sun so su san wane ne babba a Mulkin Sama. Yesu ya ba su amsa da ƙaramin yaro, ya ce su koyi tawali'unsa.

Ku duba halin yaro. In ya ji yunwa sai ya faɗa. Ba ya ɓoye ƙwaryarsa, gama ya san ubansa zai cika ta.

Mu manya fa? Rumbu ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, maigida ya yi shiru. Ya cinye irin shukarsa, ko ya ci bashi mai ruwa a kan hatsin da bai nuna ba, don kada 'yan ƙungiya su sani. Da kaka sai mai bashi ya kwashe. Girman kai rawanin tsiya ne.

Farin 1973 da na 1984 sun koya mana iyakarmu. Manoma sun yi huɗa, sun zuba taki, ruwa bai zo ba. Ba wanda ya taɓa saukar da ɗigo ɗaya da ƙarfinsa.

Dogara ga Allah ba lalaci ba ne. Yaro ma yana bin ubansa gona da 'yar fartanyarsa. Mu yi aiki, mu yi addu'a, mu kuma faɗi bukatarmu, domin sau da yawa ta hannun 'yan'uwa Ubangiji yake amsawa.

A taron ƙungiya mai zuwa, wanda ba shi da iri ya faɗa. Mai ragowa kuma ya bayar ban da gori.